Kafaɗar Kyaftin Thorsrud

Shekara huɗu na yi ina mataimakin Kyaftin Alden Thorsrud, a jirgin saman fasinja mai farfela biyu da ke zirga-zirga tsakanin Thunder Bay da Winnipeg a ƙasar Kanada. Lokacin da abin ya faru, saura masa wata uku ya yi ritaya.

Safiyar wata Talata ce a watan Maris, an sha ruwan sama jiya, sanyi ya biyo baya. Kafin mu tashi ya ja sitiyari ya tura, kamar yadda muke gwadawa kullum, sai ya yamutsa fuska.

"Marcel, taɓa ka ji. Kamar ya yi nauyi."

Na taɓa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kofi. Na ji nauyin, ba zan yi ƙarya ba. Amma mun riga mun makara, ga 'yata na da wasan hoki, ƙwallon sanda a kan ƙanƙara, da yamma.

"Tsoho, hannunka ne ya yi nauyi," na ce. "Ko in kira matarka Lorna ta taya ka ja?"

Ya yi dariya, amma kunnuwansa sun yi ja. Ba abin da ya tsana kamar a tuna masa shekarunsa, kuma na san da haka.

"To, sarkin ƙarfi, mu je."

Muka tashi lafiya. Ashe ruwa ya taru a cikin wutsiyar jirgin, da muka yi sama ya daskare a kan wayoyin da sitiyari ke ja. Da muka zo sauka Winnipeg, sitiyari ya cije sai ka ce an kafe shi da ƙusa. Ga mutum arba'in da shida a bayanmu. Alden ya sanar da hasumiyar filin jirgi, muryarsa ko rawa ba ta yi, ya rage wuta a hankali. Dab da ƙasa hancin jirgi ya ƙi ɗagowa.

"Tare za mu ja," ya ce. "Ɗaya, biyu, ja!"

Muka ja iya ƙarfinmu. Na ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗarsa, ya yi nishi, bai saki ba. Muka bugi ƙasa da ƙarfi, amma ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

A wajen bincike aka tambaye mu ko wani ya lura da wani abu kafin tashi. Alden, hannunsa a rataye, ya ce, "Ni na ji nauyin, ni na ce a tashi." Bai ambaci sunana ba. Ni kuwa ban gyara masa zancen ba, ina kallon tebur.

Sau biyu aka yi masa tiyata, likita ya ƙi sa hannu ya koma aiki. Ni kuwa a kakar shekarar aka ba ni kyaftin.

Sau ɗaya na je gidansa. Na same shi a tsakar gida yana fama da injin yankan ciyawa da hannun hagu.

"Kyaftin, maganar ranar nan..."

"Ka zo wa'azi ne, ko za ka ja min igiyar nan?"

Na ja, injin ya tashi. Na yanke masa ciyawar duka, Lorna ta kawo mana lemo, muka yi hirar kamun kifi. Na tafi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Daga baya suka koma garin Victoria wajen ɗansu. Lambarsa na nan a wayata, yau shekara shida, ban kira ba.