Bangon da Aka Ɗaura wa Zane

Shekarar da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas ta dire a Abuja, aka loda mutanen ƙauyen su Rosemary a manyan motoci, aka kai su sababbin gidaje a kan hanyar Zuba. Gidajen bulo ne jere reras, kwano sai walƙiya yake. Kowa ya yaba, ban da uwar Rosemary.

Idon tsohuwar ya tafi tun tuni, da tafin hannu take gane duniya. Ta shafa bangon siminti, ta janye hannu da sauri.

"Wannan ɗaki ba shi da rai," in ji ta. "Ku mai da ni gida."

Gidan kuwa katafila ta riga ta bi ta kansa, amma wa zai faɗa mata? Ta zauna a tsakiyar ɗaki, nesa da kowane bango, ta daina cin abinci. Kunu ma sai dai ta sunsuna ta ture. Tsoro ya kama Rosemary, don tsohuwar ƙanƙancewa take yi a gaban idonta.

Mijinta Ishaya, wanda ya yarda guduma na maganin komai, ya sayo sabuwar atamfa a Gwagwalada, wai a rufe bangon. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta huce a kan babban yatsansa.

"Simintin gwamnati ne," ya ce yana tsotsar yatsa, "ba ya jin magana."

Tsohuwa ta ce a fitar mata da abin nan mai warin shago.

Sai Rosemary ta gurza rogo, ta tace, ta dama sitaci kamar koko. Ta buɗe akwatin uwarta ta fito da tsofaffin zannuwa, ba ta wanke ko ɗaya ba: na goyo, na gona, da baƙin saƙin aurenta. Ta shafe bango da sitaci, ta manna zane, ta bi shi da hannu daga sama zuwa ƙasa har ya kwanta. Da na uwar suka ƙare, ta ƙara da nata, har wanda take zuwa coci da shi.

La'asar ta yi, rana ta leƙo ta taga. Zannuwan suna bushewa, ƙamshin hayaƙi da man kaɗe da daddawa yana tashi a hankali. Tsuntsayen jikin atamfa suka fara motsi a idon Rosemary. Ta ji rafin ƙauyensu yana gudu a bayan bango, ta ga mata suna gangarowa da itace a kafaɗa. Ba ta san ko barci take ba.

Tsohuwa ta ɗaga hanci. Ta rarrafa har bango, ta kai hannu, ta tsaya a kan wani faci.

"Da wannan na goya ki. Ke kika cinye bakinsa."

Ta bi bangon zane bayan zane, tana kiran sunayen mutane, masu rai da waɗanda suka tafi. Sannan ta jingina bayanta, ta miƙe ƙafafu.

"Rosemary, an rushe gidan, ko?"

"An rushe, Mama."

Tsohuwa ta shafa saƙin da hannunta.

"To, kawo tuwo," ta ce. "In lokacina ya yi, kar ku wahala neman mota. A nan za ku sa ni."