Ma'ana ta Huɗu

Idan mutum ya faɗi kuskure yana ganin gaskiya ce, daga wace rana maganar tasa ke zama ƙarya? Har yau ban sani ba.

Gyaran agogo nake yi. Ban yi nisa a boko ba. Turancina a wani tsohon ƙamus na tsinto shi, wanda ke kan teburina kusa da gwangwanin batura. Duk takardar da ta shigo gidanmu, ni ake kawo wa.

Wata Laraba Yaya ya shigo shagona da sakamakon hoton ciki daga asibiti. Kafinta ne, kuma wata uku ke nan yana ramewa.

"Farfesa, duba mana."

Kalma ɗaya na kama: growth. Na san ta sarai. Ita jarida ke yi wa tattalin arziki fata, ita uwa ke nema a katin awon jariri.

"Girma ne, Yaya. Ci gaba. Alheri ne."

"To ka ji! Su kuma wai in koma Litinin. In yi musu me?"

Ya ninke takardar ya cusa a aljihu.

Ranar Juma'a 'yarsa mai aikin jinya ta zo. Ko zama ba ta yi ba.

"Baffa, ƙari ne fa, a hanjinsa. Na gaya masa, ya ce wai yaushe aka haife ni, kai ka fi likitan Turanci."

Na buɗe ƙamus. Ma'ana ta ɗaya, ta biyu, ta uku, duk suna goyon bayana. Ta huɗu tana can ƙasa, daidai inda babban yatsana ke danne shafi: tsiro mai cutarwa a cikin jiki.

"Maganarka kaɗai zai ji, Baffa."

"Ba zan iya ba. Ki sa likitan ya kira shi."

Ta dube ni, ta fita.

Na yini ina gaya wa kaina tausayin Yaya nake ji. Amma na san tausayin nan da sauran wani abu a ciki: shekara ashirin ana ce mini Farfesa. Ranar Laraba jahili ne ni kawai. Daga Juma'a kuma, ban san sunan da ya dace da ni ba.

Lahadi da hantsi na sami Yaya yana goge ƙafar kujera, wandonsa ɗaure da igiya don bel ya yi masa yawa.

"A'a, yau da littafin aka fito? Wa za a koya wa?"

"Ni."

Na share garin katako daga benci, na zauna kusa da shi. Na buɗe shafin, na ɗaga yatsana daga kan layin.

"Yaya, ajiye aikin nan. Kalmar tana da ma'ana huɗu. Uku na faɗa maka."