Motar Inuwa Mai Gado

Ni dai har gobe ba na gaisawa da Inuwa. Duk mai shirin yi mini wa'azin zumunci ya zauna tukuna ya ji abin da ya yi wa uwarmu.

Inuwa mijin yayata Rahmatu ne. Da can kuku ne a gidan wani Baturen auduga a Zariya. Da aka sami mulkin kai, Turawa suka fara tattara komatsansu, sai Baturen ya yi masa sallama da motarsa. Ranar da ya shigo Nasarawan Doya da ita har masu daka sai da suka jingine taɓare suka fito kallo. Mota ce gajera mai faɗin goshi, sama fari ƙasa kore, injin kuma a baya. In an buɗe ƙofar gefe sai ka ga ɗaki sosai: labule a tagogi, ɗan tebur, risho na dafa shayi, kabad na kwanuka, can ƙurya kuma gado da katifarsa. Bature yawon daji yake yi da ita in ya sami hutu. Inuwa kuwa sai ya mayar da ita takalminsa.

Masallacin da ke bayan gidansa, a mota. Gona, a mota. Ranar kasuwar Makarfi ya danƙara mata rake da mazarƙwaila, daga can ya zarce Kudan sayen barkono, in hanya ta yi masa nisa ya ja labule ya kwana a bakin kasuwa. Da rana tsaka sai ya ajiye ta gindin durumin ƙofar gidansa, ya wangale ƙofa, ya miƙe a gadon yana kaɗa ƙafa, manya na wucewa suna kallon tafin ƙafarsa. Mutanen gari suka sa mata Tafi-da-gidanka, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Abin da ya ƙarasa ɓata miyar shi ne bikin da suka je Ikara, ya kwana da Rahmatu a cikin motar a ƙofar gidan biki, gari ya waye kowa ya ga fitowarsu. Kafin su dawo labari ya riga su isowa.

Uwarmu, Inna Hajo, kwana ta yi ba ta ci tuwo ba. "Mutumin da ke yawo da shimfiɗarsa a kan titi," ta ce mini, "wace kunya ta rage masa?" Rahmatu 'yar farinta ce, don haka kunyar da ke tsakaninta da Inuwa ba ƙarama ba ce. Ba ta taɓa kallon fuskarsa ba, ba ta taɓa taka gidansa ba. In ya zo gaisuwa a zaure yake durƙusawa, ni da nake zawarci a gida ni ce mai kai magana da kawowa. Bayan zancen Ikara ko ƙarar motar ta ji sai ta ja mayafi ta juya baya.

To, wata safiya da damina Inna ta tafi bakin fadama tsinkar rama, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Aka ɗauko ta gida. Bobbo mai maganin maciji ya zo daga rugarsu, ya tsaga wurin, ya shafa abin da zai shafa, ya ba ta na sha. Hantsi ya yi jini bai tsaya ba. Bobbo ya kira ni da Baffa Ɗan'azumi, ƙanin mahaifinmu, ya ce, "Wannan ta fi ƙarfina. Akwai allura a asibitin Zariya, ku kai ta yau, kada ku bari rana ta juya."

Babbar mota sai ranar kasuwa take biyowa ta garinmu, kuma ranar ba kasuwa. Mota ɗaya ce tak a garin. Inuwa ya kawo ta har ƙofar zaure, ya buɗe gefen, ya kakkaɓe katifar, ya ce, "Zulai, ki gaya wa Inna ga wuri an gyara mata."

Na shiga na gaya mata. Ta buɗe ido ta dube ni kamar na zage ta.

"Wane wuri?"

"Cikin mota, Inna."

"A kan me?"

Na san inda aka nufa, ita kuma ba ta jira amsata ba.

"In hau gadon surukina? Gadon da ya kwanta da 'yata a bainar jama'a? Zulai, ashe ban haife ki da hankali ba. Gara a fitar da ni ta wannan ƙofar a makara."

Na yi kuka, na yi roƙo, na ce lalura ce, ko malamai sun ce lalura tana da hukuncinta. Na ce to za a shimfiɗa mata tabarma a ƙasa, gefen gadon. Ta ce ai ɗakin kwanansa ne dai, wace uwa ce ke shiga ɗakin kwanan mijin 'yarta? Na ce wa Baffa a ɗauke ta da ƙarfi. Ta ji, ta ɗaga murya ta ce duk wanda ya taɓa ta ba ta yafe masa ba duniya da lahira. Baffa ya ja da baya yana salati. Shi ma a zuciyarsa yana ganin gaskiyarta, na ga hakan a fuskarsa, kuma shi ma ban manta masa ba.

Da ƙyar na samo magana ɗaya daga bakinta: in babu gado a ciki, ta zama mota kamar kowace mota, za ta shiga.

Na fito da gudu na ce, "Inuwa, cire gadon nan."

Ya ce, "Ai ba gado ba ne, kujera ce, lanƙwasa ta ake yi. Ki yi mata bayani."

"Bayanin uwaka! Garin nan kaf wa bai ga ƙafarka a kai ba? Cire shi!"

Ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa, ya ce da kusoshi aka ɗaure shi a jikin motar, irin na Turawa, kuma shi ba shi da sifanar da za ta kama su. Na shiga gida na ɗauko gatarin faskare na miƙa masa. Wallahi sai mutumin nan ya sha gaban ƙofar motar ya buɗe hannuwa kamar kaza ta ga shirwa.

"Haba Zulai! Katakon Ingila ne fa. In aka farfasa shi wa zai ƙera irinsa a ƙasar nan?"

"Uwata ma babu mai ƙera irinta!"

"Ki kwantar da hankalinki. Yunana makanike yana Makarfi, yana da kayan aiki. Yanzu zan je ya kwance shi in dawo, kafin ki ɗaura mata zane na iso."

Na ɗaga gatarin da niyyar in yi da kaina, Baffa ya riƙe mini hannu, wai mace ba ta sara dukiyar mijin yayarta. Rahmatu tana tsaye a gefe tana hawaye. Kafin in fizge hannuna ya tayar da mota. Na bi shi da jifa har bakin rijiya, dutse ɗaya ne ya sami bayan motar.

Wanda bai taɓa zama kusa da wanda kububuwa ta sara ba, Allah ya sa kada ya gani. Ƙafar ta kumbura har cinya. Da azahar jini ya fara fitowa ta dasashinta, ina gogewa da tsumma yana dawowa. Tsofaffin tsage-tsagen fuskarta ma sai da suka yi jini. Ina jin kowane motsi a waje sai in fita, in tarar jaki ne ko masu komowa daga gona. Inna tana ta hailala a hankali. Sau ɗaya ta ce mini, "Kin ga ko? Da ma na san abin da ya fi so." Na ci gaba da goge mata jinin.

Sai bayan la'asar ya dawo, wai ya tarar Yunana ya tafi gyaran injin niƙa, sai da ya jira shi. Cikin motar fayau, babu gado. Muka ɗauko Inna a tabarmarta. Muna fitowa daga zaure ta ɗaga ido sama, ta ce, "Ku ajiye ni."

Na duba. Ashe gadon yana kan rufin motar, an naɗe shi da buhuna, an ɗaure da igiya tsaf, katifa a sama. Ya ji tsoron barinsa a Makarfi kada a sace.

"Na ƙi hawa kansa," in ji Inna, muryarta da ƙyar ake ji, "sai ku sa ni ƙarƙashinsa?"

Wannan karon ban tambayi kowa ba. Na zari laujen da ke rataye a zaure, na taka tayar, na datse igiyoyin. Inuwa yana ihu, "A hankali! A hankali, za ki karce fenti!" Na tunkuɗo gadon, shi ya tare shi da ƙirjinsa, ya sauke shi a gindin katanga, har da gyara masa zama. Sannan Inna ta yarda aka shigar da ita. Na ɗaura zanena a bayan kujerar direba don kada ta ga ƙeyarsa. Baffa ya zauna gaba, ni na zauna a ƙasa na ɗora kanta a cinyata.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ya yi gudu. Motar tana faɗawa ramuka, kwanukan kabad suna kaɗawa, taɓo yana fallatsa a tagogi. Amma gudun da ya kamata a yi da hantsi ne ake yi da yamma. Mun wuce Makarfi kaɗan na ji hannunta ya saki nawa. Na kira ta, na girgiza ta, na sa kunne a ƙirjinta. Na ce, "Tsaya. Juya." Ya tsaya, ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka da sauti, Baffa yana ba shi haƙuri. Shi ake ba haƙuri! Ni na rufe mata ido, na ɗaure mata haɓa da ɗankwalina.

Muna shigowa gari hadari ya haɗo, an fara yayyafi. Mutane sun cika ƙofar gida, da suka ga mun dawo da wuri suka gane, mata suka sa kuka daga ciki. Rahmatu ta zube a bakin zaure. Aka buɗe ƙofar gefe, maza suka matso za su ɗauki gawa, ni ina riƙe da kanta har lokacin.

Inuwa ya fito idonsa jawur, yana share hanci da hannun riga. Ya dubi sama, ya dubi gindin katanga, sannan ya sunkuya kusa da matarsa. Ya rage murya, amma ni na ji, kuma Baffa ma ya ji.

"Rahmatu, an shigar da katifar ciki kuwa?"