Gajimaren da Ya Yi Ƙiba

A ɗakin binciken da ke ƙasan bene akwai agogon da ba shi da hannu. Tukunyar ƙarfe ce da aka zuƙe wa iska, hasken leza na shiga cikinta ta tagogi shida. Inda hasken ya haɗu, nan yake kama ƙwayoyin zarra, ya sanyaya su har su dunƙule kamar ɗan gajimare shuɗi. Kaɗawar ƙwayoyin nan ake aunawa, ita ce bugun agogon.

Masu bincike biyu ke karɓa-karɓa a kansa, Dogo da safe, Mai Gilashi da rana. Awon Dogo ya zo daidai da na sauran ɗakunan bincike. Nata kuwa kullum sai ya karkata gefe guda.

Farfesa, shugaban ɗakin, ya kira ta ofis.

"Ban ce kin yi coge ba," in ji shi. "Amma sakamakon nan zai fita. In ba a gano dalili ba, zan cire awonki, kuma ba na sa sunan wanda ba shi da awo."

"Na Dogo fa, ranka ya daɗe?"

"Nasa bai karkata ba."

Kowa a benen ya san Dogo mijin ƙanwar Farfesa ne.

Ta bi na'urar sashe-sashe. Ta duba zafin ɗakin, ta sauya waya, ta daina shiga da jakarta don maɓallin jakar na da maganaɗisu. Awon bai gyaru ba. Washegari ta zo tun kafin lokacinta, ta tsaya bayan labulen da ke tare haske.

Dogo na shirin tashi. Ya sunkuya kan teburin madubai, ya kama ɗan maɓallin wani madubi, ya murza kaɗan, ya leƙa taga, ya ƙara murzawa. Gajimaren ya kumbura, ya yi haske.

"Sannu da aiki, surukin gida," in ji ta.

Ya ɗago yana dariya. "Malama, yau ke ce da sammako? Zo ki ga ɗanki, har kumatu ya yi."

"Wa ya sa ka?"

"Haka aka koya mana. Ba a miƙa wa mutum gajimare a rame."

Gaskiya ne, al'adar masu aikin ce. Amma Dogo ya fi kowa sanin cewa in ƙwayoyin suka yi cunkoso sai su riƙa gugar juna, bugun ya sauya. Kafin ta tashi da yamma madubin ya ɗan zame, gajimaren ya koma ramarsa, Dogo kuma a haka yake samunsa da safe.

"Ai kyamara na ƙirga su," in ji shi. "Da sun yi yawa da an gani."

"Kyamarar da ke tsayawa a lamba ɗaya in haske ya yi mata yawa? Ba kai ka ɗaura ta ba?"

Dariyar ta ɗauke. "Me kike nufi?"

"Tambaya na yi."

Farfesa ya sauko, ya saurare su yana kallon gajimaren. Ya sa ta auna a ƙibarsa, sannan ta mayar da madubin ta sake aunawa. Na biyun ya faɗa daidai kan na Dogo.

"Yaya, wallahi alheri na yi niyya," in ji Dogo.

"A nan Farfesa nake. Tun yaushe ka san kyamarar na cika?"

Dogo ya ce ba zai iya tunawa ba.

Farfesa bai matsa ba. Ya ce tsohon awon rana ya tafi, Mai Gilashi za ta sake shi daga farko, sunanta kuma yana nan. Madubin za a rufe shi da murfi mai kwaɗo.

"Barka, Malama," in ji Dogo, ya ɗauki rigarsa.

"Barka kadai," ta ce. Ta juya ga Farfesa. "Ranka ya daɗe, makullin a hannuna zai zauna."

Ya dubi surukinsa, ya dube ta, ya ce to.