Soson da Na Kankare

Duk ranar da na tashi taimakon wani ba tare da ya roƙe ni ba, to a shirya, wani abu zai lalace. Matata ta daɗe da sanin haka. Ni ne dai kullum nake mantawa.

Shekarata goma sha tara ina tsaron sito a wani kamfani da ke sayar da inbata, irin waɗanda ake haɗawa da batir idan wuta ta ɗauke. Duk jikinsu ƙarfe ne, ga nauyi. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma a jera kaya kan kanta ba na jin akwai wanda ya fi ni.

Babbar 'yata, wadda nake kira Mamana don sunan mahaifiyata gare ta, ta gama karatun kwamfuta ta yi shekara biyu a gida ba aiki. Ni na yi ta bin Manaja da roƙo har ya gaji, ya ɗauke ta gwajin wata uku. Ya ce idan ta samo hanyar da za a san abin da ke cikin sito ba tare da an hau tsani ana ƙirgawa ba, za a tabbatar da ita. Idan ta kasa, ta koma gida.

Sai ta sa aka kawo wasu ƙananan sitika, kowace da ɗan siririn waya a ciki da lambarta. Akwai kuma wata na'urar hannu mai kama da bindigar wasan yara. Tana aika sigina kamar rediyo, sitikar ta amsa, lambar ta fito a allo. A bayan kowace sitika akwai soso mai kaurin ɗan yatsa. Mako guda ta yi tana manna su a jikin inbata ɗari uku da arba'in. Ran Juma'a ta gama, aka sa Litinin za ta nuna wa Manaja.

Ran Asabar ba ta zo ba, ni kaɗai nake zagayawa. Na dubi kantocina, raina ya ɓaci. Kowace inbata ta fito da ƙullutu a gefe, ba sa mannuwa da juna, layin duk ya karkace. Na ce a raina, yarinya ce, sauri ya sa ta manta ba ta cire soson ba. Ai shekara goma sha tara ke nan ina buɗe kwali, kuma duk soson da na tarar a ciki na shara ne.

Na ɗauko reza da gam. In ɓare sitika, in kankare soson, in mayar da ita a jikin ƙarfen ta kwanta luf. Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, ya leƙo.

"Baban Sito, ka tambaye ta kuwa?"

"Ni na haife ta ko ita ta haife ni?"

"Allah ya ba ka haƙuri. Ni dai ban ga komai ba."

Kafin la'asar na gama. Na share soson tas, na cika buhu biyu, na miƙa wa masu kwasar shara da hannuna. A gida ban faɗa mata ba, don ina so ta gani da idonta ta ji daɗi.

Ran Litinin Manaja ya shigo da hannu a baya. Mamana ta ɗaga na'urar, ta bi layin farko. Shiru. Ta bi na biyu, ta duba batir, ta kashe ta kunna. Shiru. Sai da ta zo kusa da teburina na'urar ta yi ƙara sau ɗaya, saboda sitikar gwaji da ta manna a bangon littafina tun ranar farko.

Manaja ya leƙa allon. "Wato duk sitona littafi ɗaya ne a ciki?"

Ta matsa kusa da wata inbata, ta shafa sitikar da yatsa, ta ji ta a kwance. Ta juyo ta dube ni. Ni kuwa sai na shiga gyara biro a aljihu.

"Yallaɓai, laifina ne," in ji ta. "Ban sake dubawa da safe ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ita ba ce. Ni na cire soson. Gyara na yi."

"Gyara?"

"Layin ne ya karkace."

Dogo ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

"Baba," in ji ta a hankali, "ƙarfe yana kashe siginar idan sitika ta taɓa shi. Soson shi ne ke raba su. Saboda shi aka yi odarsu daga nesa."

"To ina soson?" in ji Manaja.

Na gaya masa inda ya tafi. Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi. Ya ce sababbi ba za su iso ba sai bayan mako biyu, gwajinta kuma saura kwana goma. Zai yi magana da masu kamfanin, amma bai yi alkawarin komai ba.

A motar haya muna komawa gida, da muka kusa sauka, Mamana ta juyo ta dube ni.

"Baba, duka ɗari uku da arba'in ka yi?"

"Duka."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Mamana."

Ta girgiza kai. "Ni mako guda na yi."

Matata da ta ji labari ba ta yi faɗa ba. Ta dai tashi ta ɗauke rezar askina daga taga ta kulle a akwatinta.

Yau kwana shida ke nan. Mamana tana zuwa aiki kullum, ta samo guntun soso a wani shagon katifa, ta gwada a inbata goma, bakwai sun amsa. Ni an hana ni taɓa komai sai tsintsiya. Manaja yana amsa gaisuwata, amma bai faɗi abin da masu kamfanin suka yanke ba. Har yanzu ban sani ba ko za su riƙe ta.