Hagu Kwancewa

Tun ranar da aka sa wa Shalele ƙarfe a ƙafa gidan ya rabu biyu, ga mai mugunta ga mai tausayi. Umma ce mai muguntar, kuma wallahi ba ita ta zaɓa ba.

Shekarar yarinyar tara. Wani ciwo da ta yi tana jaririya ya taɓa mata gwiwa, ƙafar ta ƙi bin 'yar'uwarta wajen girma, har tafiya ta koma ɗingishi, ƙugu ya fara karkacewa. Likita ya yanka ƙashin, ya soka kusoshi ta cikin nama, ya kama su da zobba biyu na ƙarfe, da sanda mai noti a tsakani. Ya ce kullum sau huɗu a riƙa juya notin kaɗan-kaɗan, zobban suna nesa da juna, sabon ƙashi yana tsirowa a giɓin. In aka yi sanyin jiki, ƙashin ya haɗe tun ba a kai ba. In aka yi gaggawa, jijiya ta ja ta mutu, ƙafar ta zama kayan ado.

Ranar da ake koyar da juyawar, ina uban? Yana gareji. Bakanike ne fa, mutumin da ke wargaza injin mota ya mayar ido rufe, amma da ya ga kusa a naman 'yarsa sai ya nemi bango ya dafa.

"Maman Shalele, ke ki koya," in ji shi. "Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Kamar ita tata zuciyar a kasuwa ta sayo. Ta koya ɗin. Aka ba ta 'yar sufanar juya noti, ƙarama kamar cokalin shayi, ta ɗiga jan farce a gefen notin don ta riƙa gane inda ta tsaya.

Ɗinki take yi a falo. In lokaci ya yi sai ta tsayar da keke, ta wanke hannu, ta buɗe gwangwanin maɓallai inda sufanar take. Ƙarar murfin nan kaɗai ta isa. In uban yana gida sai ya zura silifas, wai zai duba wani abu a waje. Shalele kuwa ta ja filo ta rufe fuska, ta bar wa uwar ƙafar kamar ba tata ba. Da an gama, an goge bakin kusoshi da auduga, an share hawaye da majina, sai ga gogan ya dawo da alewa a aljihu. Kowace yamma kuma yakan shige ɗakin yarinyar ya tura ƙofa, ka ji suna ƙus-ƙus suna dariya.

Yarinyar ta daina ce mata Umma. "Ga mai sufana nan," take cewa, ba tare da ta kalle ta ba. Abin yana ci wa Umma rai ƙwarai. Ita ke ɗaukarta zuwa banɗaki, ita ta farke wandunanta duka ta sa musu igiya a gefe don su shiga ta kan ƙarfe, amma ko sannu. Ta haɗiye, tana cewa in ƙafa ta daidaita ai a zage ta son rai.

Sai ciwon ya canza. Da kuka ne na lokacin juyawa, yanzu ya zama wuni guda. Shalele ta ce tururuwa na yawo a tafin ƙafarta. Bayan 'yan kwanaki ta ce tururuwar sun tafi, ba ta jin komai. Umma ta ce ta ɗaga babban yatsa. Yatsa ya yi kwance abinsa.

"Wai ke 'ya kike ja ko igiyar shanya?" Bakanike ya tsaya a ƙofar falo, ko hannu bai wanke ba. "Ba ki da imani ne?"

"Abin da aka ce in yi nake yi. Mai imani ai da ya zauna ya gani."

"Ni na san ƙarfe. Ko noti aka matsa masa da yawa tsinkewa yake."

"To ka je ka gaya wa motocinka."

Washegari ta ɗauki yarinyar a tasi zuwa asibiti, ita kaɗai kamar kullum. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya manna shi a jikin fitila, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo da fuska ba annuri.

"Maman yarinya, gaggawar me kike yi? Biki za ki kai ta?"

Ya nuna mata giɓin. Ya kusa ninka abin da ya kamata, sabon ƙashin a ciki siriri kamar hayaƙi. Umma ta rantse, ta nuna masa ɗigon jan farcen. Bai ko kalla ba. Ya ce ya saba ganin iyaye irinta, masu son a gama da wuri su huta. Ya ce a tsayar da ja, a koma juyawa dama, a mayar da ƙafar baya jijiya ta sarara. Yatsan zai dawo? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce sai abin da Allah ya yi.

Cikin kunya da baƙin ciki Umma ta fito da yarinyar. A baranda, tana tura keken marasa lafiya, Shalele ta waigo ta zuba mata ido, karo na farko cikin makonni.

"Kin ji ko? Ke ce. Da ba don Baba yana kwance mini kullum da yamma ba, da tuni kin tsinke ta."

Umma ta tsaya cak.

"Yana me?"

"Yana kwancewa. Ya ce kar in faɗa miki, ke ba ki da tausayi."

Ta kai yarinyar gida, ta kwantar da ita, ta roƙi maƙwabciya ta zauna da ita. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi gareji. Ta same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kaɗai ke waje. Ta sa ƙafa ta shuri takalminsa.

"Fito."

Ya fito yana goge hannu da tsumma, yana hararar ta don ta zo masa wurin aiki.

"Wane gefe kake juya notin Shalele?"

Ya ɗaga haɓa. Ko a jikinsa.

"Hagu mana. Dama ɗaurewa, hagu kwancewa, wannan ko ɗan koyo ya sani. Ke ki matsa, ni in sassauta. Zagaye ɗaya cif nake yi, ɗigon jan farcenki ya dawo inda kika bar shi. Ba zan zauna ina kallo ki kashe mini 'ya ba."

Har da alfahari a muryarsa, ka ji fa.

"In ka kwance noti a jikin sanda," ta ce a hankali, "sandar gajarta take yi ko tsawo?"

Ya buɗe baki zai amsa. Ta ga lokacin da abin ya shiga, domin a kan ƙarfe ba a yi masa bayani sau biyu.

"Ni ma hagu nake juyawa, Baban Shalele. Hagu aka koya mini, ranar da zuciyarka ba ta ɗauka ba. Ni in ja, kai ka zo da alewa ka ƙara ja."

Tsumman ya faɗi. Ya zauna a kan taya, yana ta "Innalillahi." Ba ta ji tausayinsa ba ko ƙwayar zarra. Ta so ta ɗauki babbar sufanar da ke ƙasa ta rotse masa kai, ta dai juya ta tafi.

Da yamma ya shigo gida kamar marar lafiya. Umma ta buɗe gwangwanin maɓallai. Yau bai nemi silifas ba.

"Kar ki taɓa ni!" Shalele ta ƙwalla, ta ja jiki baya. "Baba zai yi. Shi hannunsa ba ya ciwo."

Maganar tana bakin Umma, a shirye, da zafinta. Kalma uku sun isa ta wanke kanta, yarinyar ta san wanda ya kashe mata yatsa. Ta dubi 'yar tata, ta ga yadda ta ƙanƙame rigar uban mai baƙin mai. Akwai sauran watanni a cikin ƙarfen nan, kuma mutum ɗaya ne ya rage da yarinyar ke yarda ya taɓa mata ƙafa ba tare da ta rufe fuska ba.

Shi ma ita yake kallo, idanunsa jajur, yana jira ta faɗa. Da alama ma so yake ta faɗa ya huta. Ba za ta hutar da shi ba.

Ta miƙa masa 'yar sufanar. Ta ɓace a cikin ƙaton hannunsa.

"Durƙusa," ta ce. "Ka kalli kusoshin da kyau, kar ka kawar da kai. Dama za ka juya, bakanike. Kwatan zagaye kawai."

Ya durƙusa. Shalele ta ɗora hannu a kansa, ta yi wa uwarta gwalo.

Umma ta zauna a ƙarshen gado, inda ba mai kallonta, ta riƙe babban yatsan a tsakanin yatsunta. Yarinyar ba ta ma san an riƙe ba.