Hanyar Taku Ɗaya Zuwa Kabarin Gulshah

"Kashe rediyon nan," in ji Kaka Sakhidad, "ko ka ce su zo gonata su ƙarasa gardamar."

Wasu manya ne a wata ƙasa mai nisa suke musu kan bam mai 'ya'ya, wannan na cewa yana gajarta yaƙi, wancan na cewa a haramta shi. Na kashe. Katanga ɗaya ta raba gidana da na Kaka, shekara talatin muna faɗa kan akuyarsa mai cinye min shuka, amma ranar da na ga ya kasa ɗaga kofin shayi sai da na juya baya na share ido.

Tun da jiragen yaƙi suka wuce ta kan ƙauyenmu na bayan birnin Herat, ba wanda ya sake taka maƙabarta. 'Ya'yan bam da ba su tashi ba na warwatse tsakanin kaburbura, rawaya, kamar gwangwanin lemo. Wanda ya rasu sai a kai shi sabon fili bayan masallaci. Kaka ya rantse ba zai kwanta can ba. Matarsa Gulshah na tsohuwar maƙabarta, kuma ya bar wa kansa wuri a gefenta.

Masu kwance bam suna ƙauyen, amma makaranta da magudanar ruwa aka ce su fara da su. Na samu shugabansu, Tawakkal, na roƙe shi kan maƙabartar, ya ce tsari tsari ne, rayayyu ne a gaba. Na gaya masa maganganun da ba zan maimaita ba. Bayan la'asar sai ga shi a ɗakin Kaka.

"Kaka, kwana nawa za ka ba ni?"

"Ni ke raba kwanakin, ɗana?"

"Ka daure Juma'a biyu. Ranar hutunmu ce."

"Gulshah ba ta da haƙuri, amma zan roƙe ta."

Juma'a biyu suka yi a durƙushe, shi da mutum uku, suna tona ƙasa kaɗan-kaɗan. Suka buɗe hanya mai faɗin taku ɗaya, suka jera duwatsu a gefenta, masu farin fenti ta ciki inda aka share, jajaye ta waje inda ba a taɓa ba. Bam bakwai suka tarar kafin su kai kabarin. Da na gaya wa Kaka an gama, ya ce ashe yaron yana da amfani. Ya cika da hantsin Asabar.

Muka yi masa salla a masallaci. A bakin hanyar makara ta tsaya, don mutum huɗu ba za su jeru ba, balle a riƙa karɓar juna kamar yadda aka saba. Na ɗauki gaba, Tawakkal ya ɗauki baya, jama'a suka biyo mu ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa a ƙasa. Ban taɓa sanin tsohon nan yana da nauyi haka ba.

Bayan an rufe shi ba wanda ya yi gaggawar juyawa. Daga cikin layin kowa na miƙa wuya yana neman kabarin wani nasa, ana karanta Fatiha daga nesa. Kabarin mahaifiyata na can bayan jajayen duwatsu, taku biyar kacal, ciyawa ta rufe shi.

"Wanne ne naka?" Tawakkal ya tambaye ni.

Na nuna masa. Ya auna tazarar da ido, ya sunkuya ya ɗauki farin dutse ɗaya, ya ajiye shi daidai inda hanyar za ta karkata zuwa kabarinta.